Da Wane Mudu Ake Auna Ƙarfin Mace?

Wanda ya taɓa kwana a tashar Agbalepedo yana jiran motar Sokode, ko Kara, ko Dapaong, ba ya bukatar a gaya masa cewa mata suna da ƙarfi. Tun gari bai waye ba zai gan su suna ratsawa tsakanin motoci da daro a kai, wata da doya, wata da gawayi, wata da buhun masara wanda ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. In ya gangara Asigame, babbar kasuwar Lome, zai tarar da mata 'yan dako ɗauke da dilar atamfa, wuya a miƙe kamar an dasa shi, ga goyo kuma a baya. Ba mai tafa musu, ba kuma alƙalin da yake zaune da takarda yana ba su maki. Nauyin kaya da nisan tafiya ake dubawa, a biya su, su koma su ɗauko wani.

Cikin unguwannin da Hausawa da sauran mutanen arewa suka yi zango a wannan gefen birnin, samari ma suna da nasu sha'anin da ƙarfi. A bayan wani shago, ko a ƙarƙashin wata bishiya, akan ga gwangwani biyu cike da siminti da sandar ƙarfe a tsakani, ana ɗagawa ana ƙirgawa. Ran Asabar da Lahadi da safe bakin teku yakan cika da masu motsa jiki, maza da mata. Zango dai masaukin baƙo ne tun asali. Ko da hukuma ta rushe tsohon Zangon tsakiyar gari a 1977, ta kwashe mutanensa can arewa wajen Agoe, halin bai sake ba. Abin da ya zo daga nesa a wurin 'yan Zango yakan sauke kaya. A da goro ne, da shanu, da labarin Kano. Yanzu har da abin da wayar hannu take kawowa daga Amurka.

To, a ɗauka akwai wata budurwa a ɗaya daga cikin gidajen nan, 'yar shekara 20, wadda ta fara taɓa ƙarfen wanta da wasa har jikinta ya karɓa. Ta ga waɗansu mata a waya suna tsaye bisa dandamali, kafaɗu a buɗe, ciki a ɗame, an rataya wa ɗayarsu lambar zinariya. Ran nan bayan tuwon dare ta durƙusa ta ce, "Baba, ina so in koyi wannan, in shiga gasa." Me ya kamata mahaifin ya ce? Amsar da za ta fara zuwa bakinsa kowa ya san ta. Amma kafin a kai gare ta, ya kyautu a san abin da yarinyar take roƙo, gama hukunci a kan abin da ba a sani ba zato ne kawai.

Gasar da ta gani sunanta Figa, watau siffa. Reshe ce ta wasan gina jiki. Ƙungiyar NPC ta Amurka ce ta buɗe ta a 2001, a 2003 kuma aka shigar da ita babban taron Olympia, inda Davana Medina ta lashe shekara uku a jere. A ranar gasa ba a ɗaga ƙarfe, ba a gudu, ba a ko dunƙule hannu a nuna ƙwanji irin na maza. Akan raba matan bisa ga tsawonsu, su jeru a gaban alƙalai. Babban alƙali ya ba da umarni, su juya dama kaɗan kaɗan har sau huɗu, domin a ga gaba, da gefe, da baya, da ɗaya gefen. Daga nan sai a riƙa kiran su rukuni rukuni ana gwada wannan da waccan. Wadda aka tsayar a tsakiyar rukunin farko ta san tana kusa da kambi. Kowane alƙali yakan jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a zubar da maki mafi sama da mafi ƙasa don kada son zuciyar mutum ɗaya ya rinjaya, a tara sauran. Mai ƙaramin jimla ita ce ta ci.

Abin da ake nema kuwa a rubuce yake. Ana son kafaɗu masu faɗi da ƙugu siriri, sama da ƙasa su dace, dama da hagu su yi daidai. Ana son tsoka ta fito, a ga inda wannan ta rabu da waccan, amma kada ta fito har a ga zane-zanenta kamar zaren nama. Kada mace ta yi kitse, kada kuma ta bushe ainun. Akan duba launin fata, da kwalliyar fuska, da gyaran gashi, da yadda take tafiya, da ko tana da kamannin mai lafiya. Tufafin ƙyalle biyu ne ƙanana, da takalmi mai tsini. Ƙungiyar duniya ta IFBB, wadda take da irin wannan rukuni da wani suna, har ta ƙayyade cewa tsinin takalmin kada ya wuce santimita 12, kaurin tafinsa kuma kada ya wuce santimita 1. Kusan kowace 'yar gasa takan sa a fesa mata wani rini mai duhu a jiki duka, domin hasken fitilu yakan shafe rabuwar tsoka a fata mai haske. A riƙe wannan zancen rini, za a komo kansa.

Mahaifin zai ce tsiraici ne, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Kunya ba ƙauyanci ba ce. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta wannan magana ta taɓa cin rayuka. A Nuwamba 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta bazu daga Yamai zuwa Maraɗi, har aka taɓa majami'u da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Nuwamba 2002 rikicin da ya tashi a Kaduna a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, da wani rubutu na jaridar ThisDay, ya hallaka fiye da mutum 200, aka kwashe gasar daga Abuja zuwa Landan. Iyalai da yawa sun binne nasu a makon nan. Saboda haka ba wanda zai yi wa zancen sutura riƙon wasa.

Duk da haka sutura ba ta ƙare maganar ba. A Disamba 2021 Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta zama sarauniyar kyau ta Nijeriya da kanta a rufe, amma gardama ba ta kwanta ba, har Hukumar Hisba ta ce za ta gayyaci iyayenta. Ashe ko an rufe jiki akwai sauran tambaya a ƙarƙashi. A ce gobe masu gasar Figa su yarda a shiga da riga mai kama jiki daga wuya har idon sawu. Abin da zai rage shi ne, waɗansu mutane suna zaune suna auna jikin mace, ita kuwa ta ba da shekarunta domin ta cika mudunsu. Wane irin mudu ne wannan, a hannun wa yake kuma?

Bahaushe ya san gasar ƙarfi. Tun 1975, sa'ad da aka fara kokawar ƙasa a Tawa, mutanen Nijar suke taruwa su ga wanda zai zama sarkin fili. A arewacin Togo ana kokawar Evala a ƙasar Kara kowane watan Yuli. A dambe akwai kisa. Cikin waɗannan duka akwai alƙali, akan kuma yi gardama da shi, amma ainihin ma'aunin ba a idonsa yake ba. Wanda ya faɗi ya faɗi, dubban idanu sun gani, ƙasa ma ta shaida a bayansa. Alƙali mai shaida ne kawai a kan abin da ya riga ya faru. A gasar siffa kuwa ba abin da yake faruwa sai abin da alƙali ya ce. In aka sake alƙalai, aka bar matan nan a tsaye yadda suke, mai yiwuwa ne ta ɗaya ta koma ta uku.

Kowace uwar gida da ta taɓa awo a Dawanau, ko a kasuwar Maraɗi, ko a wurin masu kwanon masara na Lome, ta san abin da ake nufi da mudun gaskiya. Shi ne wanda aka san girmansa tun kafin a fara ciniki, wanda kuma ake auna wa kowa da shi. Ta san mai awon da yakan buga gindin kwano ya lotsa shi ciki. Ta san mai mudu biyu, na saye da na sayarwa. Mafi muni duka shi ne wanda zai bari a gama shekara ana noma bisa ga wani mudu, ran kaka ya fito da wani. Tarihin gasar jikin mata cike yake da irin wannan na ƙarshe.

Labarin Bev Francis ya isa misali. 'Yar Ostareliya ce, gwanar jifan dalma, ta kuma riƙe kambin duniya na ɗaga nauyi sau shida. Ita ce mace ta farko da ta tura nauyin da ya haura kilo 136 daga ƙirjinta tana kwance. A 1983 ta shiga gasar gina jiki a Las Vegas da tsokar da ba a taɓa gani a jikin mace bisa dandamali ba. Gasar ta gina tsoka ce, ita ce kuma ta fi kowa tsoka, amma ta takwas aka ba ta. Aka nuna mata cewa ta wuce kima, ba ta yi kama da mace yadda ake so ba. Ta karɓi gyara, ta rage jiki, ta yi shekaru tana bin abin da aka ce. A gasar Ms. Olympia ta yi ta uku sau uku. A 1990 ta zo ta biyu a bayan Lenda Murray, wadda ta zo da kafaɗu da baya masu cika. Sai Francis ta ga kamar ma'auni ya koma wajen girma, ta komo a 1991 da tsokar da ta fi ta dā. Aka sake ba ta ta biyu, da ratar maki ɗaya tak. Daga nan ta bar gasa. Shekara takwas tana bin mudu, in ta matso ya matsa.

Ba ita kaɗai ba. A ranar 6 ga Disamba 2004 Jim Manion, ɗaya daga cikin shugabannin sashen ƙwararru na IFBB a lokacin, ya aika da takarda yana neman matan da suke gasa, har da 'yan Figa, su rage tsokarsu da kashi 20 cikin 100, domin kyan gani da lafiya. Mai karatu ya tsaya a kan wannan lissafi. Da me za a auna kashi 20 na ƙwanji? Ba a ce kilo kaza ba, ba a ce kaurin damtse santimita kaza ba. Lamba ce mai kama da ma'auni, amma ba sikelin da zai tabbatar da ita. Akan ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Gaskiya ne, amma mai rawa ƙafa kawai zai sake. Tsokar da aka yi shekara goma ana ginawa ba zane ba ce da za a tuɓe a ɗaura wani.

Da abin ya ƙi daidaita, sai aka yi ta buɗe sababbin rukuni, kowane da iyakar tsokar da aka yarda mace ta kai. A taron Olympia an ƙara na Bikini a 2010, da wani mai tsoka fiye da Figa a 2013, da wani kuma mai fifita cinya da ƙugu a 2021. Babbar gasar Ms. Olympia kanta, wadda aka fara a 1980, aka dakatar da ita bayan 2014, shekarar da Iris Kyle ta ci kambinta na goma. Ba a komo da ita ba sai 2020. Watau shekara biyar matan da suka fi kowa nisa a wannan sana'a ba su da wuri a babban taronta. A wajen maza ma akwai rukuni masu iyaka, amma ƙofar sama ba a taɓa rufe ta ba. Ba wanda ya ce wa Samson Dauda, haifaffen Nijeriya da ya ci Mr. Olympia a 2024, ya yi girma fiye da yadda ya dace da namiji. Ladan ma ba ɗaya ba ne. A 2023 zakaran maza ya karɓi dala 400,000, zakarar Figa kuwa dala 50,000.

Wani zai ce ai a dambe na zamani ma akwai iyakar nauyi. Haka ne, amma iyakar nan a kan sikeli take, ɗan dambe yana iya hawa a ɗakinsa ya san inda ya tsaya. Iyakar da aka sa wa 'yar Figa ita ce ta yi ƙarfi, amma kada ƙarfin ya kai inda zai daina gamsar da mai kallo. Wannan iyaka ba ta da sikeli. Tana cikin ran mutanen da suke sayar da tikiti da hotuna. Ba asiri ba ne cewa Ben Weider ya shugabanci IFBB tun kafa ta a Montreal a 1946 har 2006, ɗan'uwansa Joe kuwa yana buga mujallun wasan, yana sayar da kayan ƙarin abinci na masu motsa jiki. Ba lalle ne a ce sun yi mugunta ba. Sai dai inda mai riƙe da mudu shi ne kuma mai rumfa, ba mamaki mudun ya riƙa bin kasuwa.

Har wa yau akwai rata tsakanin abin da takarda ta ce da abin da ake ba lada. Takarda ta ce kada a bushe ainun. Amma wanda ya ajiye hoton Davana Medina na 2003 kusa da na Cydney Gillon, wadda ta riƙe kambin Figa daga 2017 har 2024, zai ga yadda kafaɗu suka ƙaru, kitse kuma ya ragu, alhali kalmomin dokar ba su yi nisa da na dā ba. 'Yan gasa ba wawaye ba ne. Ba takarda suke karantawa ba, jikin wadda ta ci bara suke karantawa, kowace kuma tana so ta ɗara ta kaɗan. Haka mudun yake zurfafa shekara shekara ba tare da wani ya sa hannu a kan komai ba, ba kuwa wanda za a kama da laifi.

Jiki ne yake biya. Watanni uku ko huɗu kafin gasa ana auna kowace loma. Sa'ad da abin da mace take ci ya kasa abin da take ƙonewa na dogon lokaci, al'adarta takan ɗauke, ƙashinta ya fara rauni, barci da natsuwa su gudu. Kwamitin Olimfik na duniya ya ba wannan hali suna, ya kuma yi gargaɗi a kansa a 2014. A kwanakin ƙarshe waɗansu sukan rage ruwa da gishiri, waɗansu har su sha maganin sa fitsari don fata ta manne wa tsoka. Wannan magani yakan rikita gishirin jini wanda zuciya take bugawa da shi. A Agusta 2021 Alena Kosinova, 'yar gasar gina jiki daga ƙasar Cek, uwa mai shekara 46, ta mutu a Alikante ta ƙasar Sifen ana gab da hawa dandamali. Jaridar Washington Post ta ba da labarinta cikin binciken da ta buga a 2022 a kan mace-macen wannan wasa. Akwai kuma masu shan ƙwayoyin ƙara tsoka, waɗanda sukan kaurara muryar mace har abada. Ba duka suke yi ba, akwai ma ƙungiyoyin da suke gwada jini da fitsari. Amma abin lura shi ne, ranar da alƙali yake ba da maki a kan kamannin lafiya, sau da yawa ita ce ranar da 'yar gasar ta fi rashin ƙarfi a shekara duka. Mai dakon Asigame za ta iya tura ta ta faɗi.

Adalci ya wajaba a yi wa ɗaya gefen. Ɗaga nauyi alheri ne ga jikin mace, yana ƙarfafa ƙashi, yana tsare ta daga raunin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya, maza da mata, su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mata da yawa cikin masu gasar nan sukan shaida cewa a can suka koyi horon kai, suka daina jin kunyar jikinsu, kuma ba wanda ya tilasta su. Hukunci da ido ko da kunne shi ma ba haram ba ne a kansa. Wajen Ingal ta Nijar samarin Woɗaaɓe sukan yi kwalliya su jeru a bikin Gerewol, suna nuna tsawo da farin ido da farin haƙori, 'yan mata ne kuwa alƙalai. A gasar waƙa ta ƙungiyoyin mawaƙa, ko ta zumuntar mata, ba sikelin da yake auna daɗin murya, duk da haka akan yarda da hukuncin wanda ya san aikin, in zai iya faɗar dalilinsa.

Bambancin yana wani wuri. Mawaƙan da suka zo na bakwai sukan bar waƙar a can, su hau mota su koma gida. Saurayin Gerewol yakan wanke jan ƙasa daga fuskarsa ya koma wurin shanunsa. Amma wadda aka auna jikinta aka ce bai kai ba, da abin da aka ƙi za ta koma gida, da shi za ta kwanta, shi za ta gani a madubi. Makonni kaɗan bayan gasa jikin zai koma neman kitsensa da ruwansa, gama ba a halicce shi ya zauna a bushe ba, ita kuwa ta riga ta koyi kallon lafiyayyen jikinta kamar abin da ya lalace. Masu karanta Littafin Esta sukan tuna da wadda aka naɗa, da wata goma sha biyu na gyaran jiki, shida da man mur, shida da kayan ƙanshi. Ba a cika tunawa da sauran 'yan matan ba, waɗanda ba a zaɓa ba, ba su kuwa koma gidajen iyayensu ba. Labarin ma ya fara ne da Bashti, wadda aka kira ta zo a nuna kyanta a gaban masu biki, ta ƙi zuwa.

A nan mahaifin Agbalepedo zai ji ya sami hujja, ya gyara zama. Kada ya yi hanzari. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A cikin gidansa, da gidan maƙwabcinsa, ana gudanar da wata gasar siffa kowace rana, kuma ta girmi ta Amurka nesa ba kusa ba. Alƙalanta su ne gwaggo, da uwar miji, da ƙawaye, da samarin bakin titi. Su ne masu cewa wance ta rame kamar ba a ba ta abinci, wance ta yi duhu, amaryar wane ba ta cika ido ba. Saboda su ne yarinya takan sayi ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe a hannun mai tallar magani, ba ta san cewa irin waɗannan ƙwayoyi sukan tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari ba. Saboda su ne kuma man bilicin yake da kasuwa. Cikin wata takarda ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙididdigar cewa mata 59 cikin 100 a Togo, da 77 cikin 100 a Nijeriya, suna amfani da kayan hasken fata, waɗansunsu kuwa da sinadarin da yake lalata ƙoda. Ga abin al'ajabi: a Las Vegas farar mace tana biya a fesa mata duhu domin alƙali, a Lome baƙar mace tana biya ta kankare nata domin alƙali. Waccan ma rinin yakan wanke cikin mako guda.

In aka gwada gasar biyu, ta Amurka tana da abin da ta fi ta gida da shi, ko da yake ba daɗin ji. Dokarta a rubuce take, ana iya karanta ta, a nuna inda ta saɓa wa kanta, kamar yadda aka yi a sama. An san sunan wanda ya sa hannu a takardar 2004. Mace takan shiga da ƙafarta, tana kuma iya fita, kamar yadda Bev Francis ta fita. Ta gida ba ta da takarda, ba ta da ranar farawa ko ranar gamawa, ba wanda ya tambayi yarinya ko tana so ta shiga. Mudunta shi ma yana sakewa. Kakanni sun so ƙiba ko'ina, jikoki suna son ƙiba a wani wuri da rama a wani wuri, irin siffar da abinci kaɗai ba ya bayarwa. Wadda ta kasa ba ta da inda za ta kai ƙara.

Saboda haka mahaifin ba shi da dalilin hana 'yarsa ƙarfe. Ƙarfin da yake tsoro a damtsenta shi ne wanda yake gani kullum a wuyan matan tasha bai ce komai ba. In gasa take so, akwai wadda mudunta yake tsaye. Ɗaga nauyi na mata ya shiga wasannin Olimfik a Sidni a 2000, a can kuwa Ruth Ogbeifo ta Nijeriya ta ci lambar azurfa. Tun 2011 hukumar wasan ta yarda a shiga da suturar da ta rufe hannu da ƙafa. A wannan fili kilo 100 kilo 100 ne, ko mai ɗagawar fara ce ko baƙa, ko ta yi murmushi ko ta ɓata fuska, ba kuma wanda zai ce mata ta ɗaga fiye da yadda ya dace da mace. Game da Figa kuwa, yana da abin faɗa wanda ya fi "tsiraici ne" nauyi a kunnen yarinyar zamani. Yana iya zaunar da ita ya ba ta labarin Bev Francis, ya tambaye ta wa zai riƙe mudun a shekarar da za ta hau, ya tambaye ta kuma abin da mai horar da ita zai ce ta sha a makon ƙarshe. 'Yar shekara 20 ba jaririya ba ce, in aka ba ta dalili tana iya aunawa.

Sai dai ya shirya, gama yarinyar da ta iya ɗaga ƙarfen wanta ba za ta rasa bakin tambaya ba. Za ta saurara har ya gama, kanta a sunkuye yadda aka koya mata. Sa'an nan mai yiwuwa ta ce, "Na ji, Baba. To, man nan da yake kan kantar Inna, da ƙwayoyin da Gwaggo ta kawo wa Yaya kafin bikinta, wane alƙali ne ya ce a saya?"